Yadda ake rubutu a bayan tsofaffin hotuna ba tare da an ɓata su ba

Bayan rasuwar kakarmu, Allah ya jiƙanta da rahama, da aka share makoki jama'a suka watse, gwaggona ta jawo adakar tsohuwar daga ƙarƙashin gado tace mu buɗe. Can ƙasa, ƙarƙashin zannuwan saƙi, sai ga wani gwangwanin biskit cike maƙil da hotuna. Muka baje tabarma muna ta miƙa wa juna, duk wanda aka ɗago sai kaji ance "wannan kuma waye?" Gwaggo ta gane wasu, wasu tace ta san fuskar amma sunan ya kwanta mata, mafi yawa kuwa tace ai wadda ta san su ita ce muka kai makwancinta.

Wanda ya fi tsaya min a rai hoton wata mata ce doguwa, da tsage a kumatunta, ta rungume jariri. A baya an rubuta "Iya da yaro" da shuɗin biro. Iyar wa? Wane yaron? Ga shi wanda ya rubuta ya danna biron sosai har shatin rubutun ya fito ta gaba daidai goshin jaririn, tawadar kuma ta kama fuskar hoton da ke kwance a ƙarƙashinsa duk tsawon shekarun nan. Kaga an yi asara biyu kenan, an ji wa hoto ciwo kuma rubutun bai gaya mana komai ba. Tun daga ranar na zauna na koyi abin da kyau, shi ne nake so in zayyana maka daki-daki yadda nake yi yanzu.

Kafin ka taɓa komai ka wanke hannu da sabulu ka bari ya bushe ƙarau, kada ka shafa mai, musamman da hunturu da kowa ke cikin basilin, don maiƙon yatsa yana zama tabo a fuskar hoto kuma ba ya fita. Hoto a gefe-gefe ake riƙe shi. Ka share tebur, ka kawar da shayi da ledar ruwa da kwanon abinci, yara ƙanana su ɗan ba ka wuri. Sannan ka ɗauki wayarka ka ɗauki kowane hoto gaba da baya tun kafin ka ɗora masa ko ɗigo ɗaya. Bayan ma ka ɗauka ko da kana ganin ba komai a jiki, wani lokacin sai ka zuƙo a waya kaga ashe akwai tsohon rubutun fensir da ya dushe ko tambarin situdiyo.

Daga nan sai ka raba hotunan gida biyu, don ba duka katin hoto ne iri ɗaya ba, kuma nan ne mutane da yawa ke rikicewa. Juya hoton ka shafa bayansa da yatsa a hankali. In kaji shi kamar takarda zalla, da ɗan kaushi-kaushi kamar bangon littafi, toh wannan tsohon kati ne, yawancin hotunan fari da baƙi na zamanin kakanni haka suke, sau da yawa ma zaka ga sun ɗan lanƙwashe. In kuwa kaji santsi kamar an shafe shi da leda, wannan shi ne katin da aka fara yi a ƙarshen shekarun 1960, takarda ce a tsakiya amma an lulluɓe ta da siririyar roba gaba da baya don ta yi saurin wankuwa da bushewa. Daga shekarun 1970 zuwa yau kusan duk hoto mai kala da aka wanko a kansa yake, shi ne wanda zaka ga an jera sunan Kodak ko Fuji ko Agfa ko Konica dishi-dishi a bayansa. In ka rasa gane wanne ne, ɗan taɓa bakin fensir a can ƙuryar baya: in ya kama tsohon kati ne, in ya zame bai bar komai ba mai roba ne.

Tsohon kati fensir ne maganinsa, shikenan, ba wani abu. Su kansu masu aikin adana kayan tarihi abin da suke amfani da shi kenan. Dalili kuwa fensir ba ruwa a cikinsa ba mai, saboda haka ba ya naso, ba ya bin takarda ya ɓullo ta gaba, rana ba ta koɗar da shi, in kuma ka yi kuskure kilina ta goge. Amma ba kowane fensir ba. Duba jikinsa zaka ga harafi da lamba. Abin da ke cikin fensir baƙin ma'adini ne aka kwaɓa da yumɓu, in yumɓun ya yi yawa sai ya yi tauri, su ne masu H, in ya yi kaɗan sai ya yi laushi da baƙi, su ne masu B. HB ɗin nan na 'yan makaranta a tsakiya yake, kuma ya ɗan yi wa hoto tauri don sai ka danna kafin ya fito sosai, dannawar nan kuwa ita muke gudu. Ka nemi 2B ko 4B. Akwai 6B, ya fi su laushi, amma yana saurin goguwa ya yi dama-dama, ni dai 4B na tsaya a kai. A shagunan da ke sayar da kayan zane kusa da jami'a ko foliteknik ba a rasa su, na Staedtler ko Faber-Castell duk sun yi. In ka fiƙe shi kada ka kai shi kan hoto da tsininsa, ka ɗan goga bakin a wata takarda ya dakushe tukuna.

Mai roba shi ne mai rigima. Fensir ba ya kama shi, biro kuma in ka rubuta tawadar ba ta da inda zata shiga, sai ta zauna a sama jiƙe, ka ɗora wani hoton a kai ta buga masa hatimi a fuska. Hanya uku gare ka. Ta farko akwai wani fensir na musamman, Stabilo All, wanda aka yi don rubutu a kan gilashi da roba da ƙarfe, mai launin fensir na gargajiya zaka nema ba masu kala ba. Yana kamawa da kyau ba sai an danna ba, sai dai ruwa na narkar da shi, don haka a kiyaye jiƙaƙƙen hannu. Ta biyu alƙalami mai siririn baki irin na masu zane, kamar Pigma Micron na kamfanin Sakura, tawadarsa ba ta koɗewa da wuri, amma fa in ya hau ya hau kenan babu gogewa, kuma a kan kati mai roba yana daɗewa bai bushe ba. In da shi zaka yi, ka jera hotunan ɗaya-ɗaya bayansu na sama, kada ɗaya ya hau ɗaya, ni kwana nake barinsu su yi, da safe in ɗan dangwala tishu a kan harafin ƙarshe in ga ko ya ɗauko wani abu. Ta uku, wadda ni na fi natsuwa da ita in hoton guda ɗaya ne tak a duniya ba shi da na biyu, ita ce kada ka rubuta komai a jikinsa sai 'yar lamba ƙarama a ƙurya, sauran bayanin ya tafi kan ambulan ko littafi. Zan zo kan wannan.

Abubuwan da ba za su kusanci hoto ba kuwa: biro kowane iri, alƙalamin maka mai kaurin baki, jan alƙalamin malamai, jagira da fensirin kala don akwai maiƙo a cikinsu, da farin ruwan nan na goge rubutu. Haka salatif da gam da 'yar takardar nan mai manne, duk gam ɗinsu yana rikiɗa ya zama ruwan ƙasa ya ci takarda, bayan 'yan shekaru takardar ta faɗi ta bar tabon. Kada ka buga sitefila, kada ka soka fil, da damina ɗaya sun yi tsatsa. Kada ka ɗaure su da roba, zafin garinmu narkar da ita yake ta manne. Sai babba a cikinsu, laminatin. Wallahi na san da kyakkyawar niyya ake kai hoton mahaifi shagon kwamfuta ace a yi masa laminatin don kar ya lalace, amma zafi da gam ake sa wa a haɗe shi da leda har abada, ba mai iya cire shi kuma, in danshi ya samu kafa ya shiga ta gefe sai hoton ya ruɓe a ciki kana kallo. In kana son na ratayewa ko na nuna wa baƙi, a yi sikan a wanko sabo, shi a yi masa laminatin ɗin, na asali a bar shi yadda yake.

Yanzu rubutun kansa. Ka kifa hoton a kan abu mai tauri da santsi, gilashin tebur ya fi, ka shimfiɗa farar takarda guda ɗaya mai tsabta a ƙasa don kada fuskar ta karce. Kada ka rubuta a kan cinya ko katifa ko tabarma ko tulin jaridu, abu mai laushi shi ke sa bakin fensir ya nutse shati ya fito. Kada kuma ka rubuta a kan tulin sauran hotunan. Ka rubuta a gefen ƙasa ko na sama, kusa da baki, ba tsakiya ba, don tsakiya nan fuskoki suke, ko wani abu ya faru gara ya faru a kan takalmi ko labulen situdiyo. Hannu sakwa-sakwa kamar kana shafa kan jariri. Ka fara tsara abin da zaka rubuta a wata takarda daban, in ya zauna sai ka kwafa, ka ware haruffa yadda jikanka zai iya karantawa, ba rubutun likita ba. Bayan layi ɗaya ka juya hoton ka karkata shi wajen haske ka duba, in kaga alamar tudu ko kaɗan ne ka sassauta hannu.

Toh me za a rubuta? Nan ne aikin yake gaskiya, fensir ɗin ma mai sauƙi ne.

Suna cikakke, sunan yanka da sunan uba. Mu Hausawa matsalarmu a nan ta fi ta kowa, don kusan ba wanda ake kira da sunansa a cikin gida. Kowane gida akwai Baba, akwai Inna, akwai Iya da Hajiya da Kawu da Yaya. Yaron da aka yi wa takwara da kakansa ya zama Abba, yarinya ta zama Ummi, wadda aka haifa ran Lahadi ta zama Ladi, na Juma'a Ɗanjuma, har mutum ya tsufa ya mutu jikokinsa ba su taɓa jin sunansa na yanka ba. In ka rubuta "Baba" kai ka san wanda kake nufi, amma nan da shekara arba'in kai ne Baban, wanda zai ɗauki hoton kuma sai ya ɗauka kai ake nufi. Don haka ka rubuta duka biyun, na yanka da wanda aka san shi da shi, don in ka bar laƙabin ma wata rana za a ji labarin "Baba na Kasuwa" a rasa wanne ne a hoto. Dangantaka kuma ka ɗaure ta da suna, kada kace "ƙanwar kakata", kace ƙanwar wane.

Mata su aka fi zalunta a wannan harka. Sai kaga namiji an rubuta sunansa da sana'arsa, matar da ke gefensa an ce "da iyalinsa". Gidan da aka yi mata uku ko huɗu, wata ta fita wata ta shigo, wace ce iyalin? Ka rubuta sunanta da na mahaifinta da garinsu, in da hali har da ɗakin da ta fito, don ta nan ne zuri'arta za su gano danginsu na wajen uwa.

Sai ka shirya wa kunya. In ka zauna da tsohuwa ka nuna mata hoton mijinta ko ɗanta na fari, ba zata faɗi sunan ba ko zaka kwana kana tambaya, sai tace "ai mai gidan ne" ko "wannan yaron ne". Kada ka matsa mata. Ka tafi da jika mai wasa da ita ya riƙa jan ta da zolaya, ko ka rubuta abin da ta faɗa sannan ka nemi sunan wajen ƙanwarta ko wani dattijon gidan. Kuma ka kunna rikodin a waya ka ajiye a gefe da izininta, don in tsohuwa ta riƙe hoto labari ke ɓallewa, hannunka ba zai iya bin bakinta ba. Kada ka kai mata hoto ɗari rana ɗaya, goma sha biyar ma sun isa, zata gaji ta fara cewa "eh shi ne" don ka ƙyale ta.

Bayan suna sai wuri da dalili: gari da unguwa, a gida ne ko a situdiyo, suna ne ko biki ko Sallah ko saukar karatu ko rakiyar alhazai. Sai lokaci. Shekara ka rubuta ta da lamba huɗu, wata kuma da kalma, 3 ga Afrilu 1978, ba 3/4/78 ba, don ɗan'uwanka da ke Amurka zai karanta shi 4 ga Maris. In da lissafin Hijira aka ba ka ka rubuta shi yadda aka faɗa ka nuna na Hijira ne.

Sau da yawa ba wanda zai ba ka shekara, tsofaffinmu da abin da ya faru suke lissafi, kuma wannan ma ya isa ka kusanto. In tace kafin a kashe Sardauna ne, ka san kafin 15 ga Janairu 1966 kenan. Lokacin yaƙin basasa, 1967 zuwa 1970. Shekarar da aka koma tuƙi a hannun dama, 1972. Bayan an daina fam da sule an koma naira, daga Janairu 1973. In akwai mai kakin bautar ƙasa a hoton, bai wuce 1973 baya ba don a shekarar aka kafa ta. Rasuwar Murtala, Fabrairu 1976. Hawan daba na Kaduna kuwa ka tambaya wanne, na zuwan Sarauniyar Ingila a 1956 ko na bikin al'adun baƙar fata na FESTAC a 1977. 'Yan'uwanmu na Nijar in aka ce zamanin Diori ne, daga samun 'yanci a 1960 zuwa Afrilu 1974 da Kountché ya karɓa. Tambarin situdiyo ma shaida ne babba, in adireshin ya ce North Central State toh tsakanin 1967 da 1976 ne kafin a mayar da ita jihar Kaduna, in Gongola ne 1976 zuwa 1991, in kaga Katsina a ƙarƙashin jihar Kaduna kafin 1987 ne. Lambar waya mai farawa da 064 ta Kano ce ta zamanin wayar tebur, in kuwa lambar salula ta GSM ce an wanke katin daga 2001 zuwa sama. Amma a lura, ranar wanki daban ranar ɗauka daban, ana iya kai tsohon hoto a sake wanko shi bayan shekara talatin. Haka 'yan jajayen lambobin nan da wasu kyamarori ke bugawa a ƙuryar hoto, in mai kyamarar bai saita agogonta ba ƙarya suke yi.

Abin da nake roƙonka a nan, kada ka rubuta zato kamar tabbas. In ƙiyasi ne kace "wajen 1974" ka sa alamar tambaya. In mutum biyu suka saɓa a kan fuska ɗaya ka rubuta duka, wance tace wane ne, wane yace a'a ƙaninsa ne. Rubutu a bayan hoto yana da kwarjini, duk wanda ya zo baya gaskata shi zai yi, in ka sa sunan da ba shi ba ka sauya wa mutum kaka har abada. Shi ya sa a ƙarshe nake sa wanda ya gaya min da ranar da na rubuta. Ga yadda nawa yake fitowa, layi uku ko huɗu ba ƙari:

Daga hagu in ana kallon hoton: Wance 'yar Malam Wane, ana ce mata Ladi, ƙanwar Alhaji Wane. Wane ɗan Wane, ana ce masa Baba Ƙarami.
Ranar sunan ɗanta na fari, unguwa kaza, Zariya.
Wajen 1974? In ji Gwaggo Wance. Ni Wane na rubuta, wata kaza, shekara kaza.

Ka lura da "in ana kallon hoton" ɗin nan, ba ado ba ne. In ka kifa hoto hagu ya koma dama, mutane da yawa sai su rubuta kowane suna daidai bayan kan mai shi, mai karatu kuma ya karanto daga hagu ya juya hoton ya ba kowa sunan wani. Balle gidan da aka saba da ajami, ido daga dama yake farawa. Ka faɗa ƙarara daga ina ka fara, in layi biyu ne kace na zaune, na tsaye.

Hoton taro mai mutum ashirin ko talatin, irin na 'yan aji ko na ɗaurin aure, kada ma ka gwada cusa sunayen a baya. Ka wanko kwafinsa a farar takarda daga wanda ka ɗauka a waya, ka sa wa kowane kai lamba a kan kwafin, ka jera sunayen a ƙasa, wanda ba a gane ba ka bar lambarsa da fili. Kada dai ka zana kibiya ko gicciye a kan mutum a fuskar hoton asali, na ga hotuna da yawa da aka yi wa haka don a nuna "ga ni nan".

Wannan ya kawo mu kan lamba da littafi. Kowane hoto ka ba shi lambarsa, 001, 002, haka, a ƙuryar baya wuri ɗaya kullum. Ka sayi littafi mai kauri ka rubuta lambar, a ƙarƙashinta ka zuba duk abin da bayan hoto ba zai ɗauka ba, labarin da aka ba ka, wa ya auri wa, ina suka koma, rigar nan wa ya ɗinka ta. Hoton da ke cikin waya ma ka sauya masa suna ya ɗauki lambar nan da sunan mai hoton, don in ka tura shi zauren dangi a WhatsApp ba bayani, bayan wata biyu ya koma "wannan kuma waye" ɗin da muke gudu. Littafin ya zauna tare da hotunan a akwati ɗaya, ka ɗauki shafukansa a waya ka tura wa mutum biyu ko uku a dangi. Amma ko da littafi, in katin zai ɗauki fensir ka sa suna a jikin hoton, don littafi da hoto suna iya rabuwa ranar rabon gado ko tashi daga gida.

Saura 'yan masu wuyar sha'ani. Hoton da ka tarar da rubutu a bayansa, ko na biro ne, ko ajami ne, ko kuskure ne ma, kada ka goge kada ka soke, rubutun hannun wanda ya riga mu ne, shi ma abin adanawa ne. Ka ƙara naka a ƙasa. In ajami ne kuma ba ka iya ba, kai wa malami ya karanta maka ka kwafa da boko a littafi. Tawadar da ta riga ta yi naso kada ka bi ta da sipirit ko ruwa ko fetur wai zaka cire, ƙara yaɗa ta zaka yi, ka dai sa farar takarda tsakaninsa da na kusa da shi. Hoton da ya manne a albam ɗin nan mai shafi mai gam da leda a sama, in ka ɗaga ƙurya kaji yana turjewa ka bar shi, kada ka fizga, ka ɗauke shi a waya ka ba shi lamba ta shafi, shafi na 6 hoto na 2. Wanda ya manne da gilashin firam ma haka, a bayan firam ɗin zaka rubuta. Fasfo ya yi ƙanƙanta, lamba kawai, ka sa shi a ƙaramin ambulan ka rubuta sunan a kai, kuma ka rubuta kafin ka zura hoton ba bayan ya shiga ba. Na Polaroid mai fitowa nan take yana da farin baki mai faɗi a ƙasa, nan ake rubutu, kuma ba a yanka shi da almakashi. Dodon hoto kuwa, wato fim ɗin kyamara da ake wanko hoton daga shi, ba a rubutu a jikinsa sam, a ambulan ɗinsa ake yi, kuma kada ka yar da shi don da shi za a iya wanko sabo fes.

In ka gama, inda zaka ajiye su ma yana shafar rubutun. In zaka sayi albam ko 'yan ledojin saka hoto ka shinshina, in kaji warin sabuwar ledar ɗaki toh irin robar da ake kira PVC ce, tana manne wa hoto tana kwashe tawada, ka bar ta. Waɗanda aka amince da su su ne masu polyester ko polypropylene ko polyethylene, in kuma kaga an rubuta PAT a jikin kwalin, gwaji ne da ake yi don tabbatar da abin ba ya cutar da hoto. In ba ka samu ko ɗaya ba, ambulan na takarda da farar takarda a tsakanin hotuna sun fi ledar kasuwa. Akwatin ya ɗaga daga ƙasa saboda gara da ruwan damina, kada ya jingina da bangon da ke tsatsafo, kada kuma a kai shi saman silin ƙarƙashin kwano inda zafi ke gasa komai. Ɗakin da kai kake jin daɗin kwana a ciki shi ne daidai da su. Bayan damina ka buɗe ka duba ko fumfuna ta kama.

Hoton "Iya da yaro" lamba 037 na ba shi. Ban taɓa rubutun biron ba, a ƙarƙashinsa na sa da 4B: "Ba a gane su ba tukuna. An samu a adakar kakarmu." Gwaggo tace tsagen fuskar matar irin na dangin kakarmu ne na wajen uwa, kuma akwai wata ƙanwar kakar da ta rage a ƙauye, idonta ya yi rauni amma hankalinta garau. Na wanko kwafin hoton babba yadda zata iya gani, na bar masa shafi guda a littafi, in Allah ya kai mu bayan Sallah zan kai mata.